FILIN MOTA DA DIREBA: An Gyara Kafireta, Mota Ta Ƙara Shan Mai

A wannan mako za mu taɓo wata matsala ce wadda ta daɗe tana ci wa masu tsofaffin motoci tuwo a ƙwarya, watau mutum ya kai motarsa gareji a kwance kafireta, a wanke ta, a zuba mata sababbin kaya, ya biya kuɗin aiki, amma da an fito sai ya tarar motar ta fi da shan mai, tana turnuƙe unguwa da baƙin hayaƙi, warin fetur kuwa har a rigar direba. Irin wannan shi Bahaushe ke kira gyaran gangar Auzinawa.

Motocin da muke nufi su ne irin su Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975, da Volkswagen Beetle wadda ita ma aka riƙa harhaɗawa a Ikko tun cikin shekarun 1970. Akasarin waɗannan motoci kafiretar Solex ce a jikinsu. Tun farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci a Turai da Amurka suka bar kafireta suka koma ga injekta, saboda haka yaran gareji da yawa sun tashi ne da kwamfutar gwaji a hannu, tsofaffin kanikawa da suka san kafireta ciki da bai kuwa kullum raguwa suke yi. Wanda duk yake riƙe da irin wannan mota, ko ta gado ce ko ta sha'awa ko ta neman abinci, ya zame masa tilas ya san wani abu da kansa.

Abin kuma ba na wasa ba ne. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabo, har lita ta haura naira 1,000 a wurare da dama cikin 2024. A misali, motar da ta saba shan lita 10 a kilomita 100, in ta koma shan 14, to daga Kaduna zuwa Kano kaɗai ta zubar da wajen lita 9 a banza. Wannan ma ƙaramar hasara ce. Fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya dinga gogar ƙarfe a bushe, sa'an nan ya tsiyaya ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Ta haka ne gyaran da aka fara a kan kafireta kan ƙare da sauke inji.

YADDA TAKE AIKI

Kafin a yi maganin ciwo sai an san jiki. Aikin kafireta guda ne, watau ta gauraya fetur da iska bisa ma'auni. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar iska kilo 14.7, ma'ana lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Idan mai ya yi yawa a wannan haɗi, ko iska ta yi kaɗan, sai a sami baƙin hayaƙi da ɓarnar mai. A lura da kyau, hanya biyu ce: ko mai ya ƙaru, ko iska ta ragu.

A tsakiyar kafireta akwai maƙogwaro wanda ya tsuke a wuri guda. In iska ta zo wucewa ta wannan matsatsi sai ta ƙara gudu, ta zuƙo fetur daga wani ƙoƙo da ke gefe. Wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ne ya yi bayanin wannan hali na matsatsi a 1797, shi ya sa ake kiran wurin da sunansa. A cikin ƙoƙon akwai fulot, wani abu mara nauyi da ke yawo a kan mai, da kuma allura wadda yake turawa ta toshe hanya in mai ya kai iyakarsa, daidai da ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa in tankin gida ya cika. Daga ƙoƙon, mai yana bi ta wasu ƙananan ƙofofi na tagulla da ake kira jet. Akwai jet na silo, mai ciyar da inji sa'ad da mota ke tsaye da kuma farkon taka totur. Akwai babban jet, mai aiki in an miƙa hanya. Akwai jet na iska, wanda ke surka mai da iska kafin ya fita. Akwai kuma ɗan famfo mai feso mai a duk lokacin da aka taka totur farat ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da yawa daga kanikawa, da an ce mota na shan mai, sai su zaro sukudireba su nufi ɗan sukurun nan na jikin kafireta su yi ta murɗawa. Alhali kuwa wannan sukuru ba shi da iko sai a kan silo. Ba ruwansa da abin da mota ke sha a kan hanyar Zariya. Murɗa shi kafin a binciki sauran wurare, an bar jaki ke nan ana dukan taiki. Shi ne aikin ƙarshe, kuma za mu zo kansa.

A TABBATAR DA CIWON TUKUNA

Ba kowane hayaƙi ne na fetur ba. Baƙin hayaƙi mai yaji a ido shi ne na yawan fetur. Mai shuɗi-shuɗi na baƙin mai ne, watau ringi ko bawul sun gaji, kuma ko an kwance kafireta sau goma ba zai daina ba. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, a mota mai lagireto, alamar ruwa ne ke shiga silinda.

Daga nan sai a tambayi fulogi, gama shi ne shaidar da ke cikin ɗaki. A sa masu tsabta, a yi tafiya ta sosai a kan titi, a tsaya a kashe mota nan take, a kwance su duka huɗu a jera. In bakinsu ya yi ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In baƙin da maiƙo ne, baƙin mai ne. In kuwa guda ɗaya ne ya yi baƙi sauran uku na da kyau, a sakar wa kafireta mara, domin ita ɗaya ce ke ciyar da su duka. A nemi laifin a wayar fulogin ko a silindar.

Har ila yau, wuta mara ƙarfi takan yi shigar burtu ta zo da kamannin yawan mai, domin man da wuta ba ta cinye ba baƙi zai bari. Saboda haka a duba kwantak da kwayil da tayimin da saitin bawul kafin a ɗora wa kafireta laifi. A Beetle, ratar kwantak milimita 0.4 ce, ta bawul kuwa 0.15 in inji ya huce sarai.

ISKA DA COK

In an tabbata mai ne ya yi yawa, sai a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A cire iyakilina a duba. A ƙasarmu, musamman lokacin hunturu da ƙurar da yake zuwa da ita, matatar iska takan toshe da wuri, in ta toshe kuwa inji zai yi ta zuƙa bai sami iska ba, sai ya zuƙo mai a madadinta. Tsofaffin Beetle iyakilina mai wankan baƙin mai gare su, kuma akwai layin da aka zana inda man zai tsaya. Wanda ya cika ya wuce layin, shi ma ya shaƙe motarsa.

Sai cok, watau faifan nan na saman maƙogwaro da ke rufe iska da gangan don mota ta tashi da sanyin safiya. Bayan inji ya yi zafi, wajibi ne a ga faifan ya miƙe tsaye cak. In ya ɗan karkata, ko kaɗan ne, to mota tana tafiya ne da hannu a wuyanta. A mai cok na hannu, sau da yawa wajen mayar da kafireta ne ake ɗaure wayar a gajarce. Kafiretar Beetle samfurin 34 PICT-3 kuwa cok na lantarki gare ta, wanda ke buɗewa a hankali in wuta ta ɗumama wani nannaɗaɗɗen ƙarfe da ke cikin murfinsa. In an manta ba a mayar da wayarsa ba, ko an juya murfin ya wuce alamarsa, cok ba zai buɗe ba har a je a dawo. Wasu motocin kuma ruwan inji ne ke ɗumama nasu, a nan ne al'adar nan ta kanikawanmu ta cire tamostat a jefar take jawo ɓarna, gama inji zai daɗe bai yi zafi ba, cok kuma ya daɗe a rufe.

ƘOƘON MAI

Yanzu mun iso inda ɓarawon ya fi ɓuya. Dukan jet ɗin da ke cikin kafireta an auna su ne bisa cewa mai zai tsaya a wani mataki a cikin ƙoƙo. In ya haura wannan mataki ko da milimita biyu ko uku ne, kowace ƙofa za ta ba da fiye da rabonta, a silo da kan hanya baki ɗaya. In ya haura ƙwarai sai ya yi ambaliya, abin da kanikawa ke kira obafulo.

Gane shi ba wuya. A bar mota tana silo, a cire iyakilina, a leƙa maƙogwaro da madubi. Kada a kafa fuska a kai, domin inji yakan yi atishawar wuta. A silo bai kamata a ga ko ɗigo yana fitowa daga bututun babban jet ba. In ana ganin ɗigo, ko kuwa bayan an kashe mota mai ya ci gaba da tsiyaya, ko mota ta riƙa wuyar tashi in ta yi zafi sai an danne totur ƙasa, to ƙoƙo ya cika ya wuce kima. Abu huɗu ne ke kawo haka.

Na farko fulot. Na tagulla yakan huje ya sha mai ya yi nauyi. A girgiza shi kusa da kunne, ko a tsoma shi cikin ruwan zafi, nesa da wuta, a ga ko zai fitar da kumfa. Na roba kuma yakan jiƙe da tsufa. A duba ko an sa shi a kife, ko ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi bai zauna ba.

Na biyu allura. Sabuwa ce, gaskiya, amma sabo ba shi ne nagari ba, ga shi kuwa kasuwa ta cika da kayan gyara na araha, araha kuwa ba ta ado. A cire murfin ƙoƙo, a busa ta hanyar shigar mai, a danna allurar da yatsa a hankali. In iska ta ci gaba da wucewa, ba ta toshewa. Wani lokaci kuma allurar lafiyarta ƙalau, ƙwayar tsatsa ce daga tsohon tanki, ko ɓarɓashin tsohon tiyo, ya tokare ta. Wanda ya wanke kafireta bai wanke tanki ba, bai kuma sa matatar mai a hanya ba, ya yi wanka ne ya koma cikin turɓaya.

Na uku washa. Wannan ƙaramin abu shi ya fi kayar da masu gyara. A kafiretar Solex irin ta Beetle, kaurin washar da ke ƙarƙashin mazaunin allura shi ke ƙayyade inda mai zai tsaya. Mai kauri tana saukar da allura, fulot ya rufe da wuri, mai ya tsaya ƙasa. Siririya tana barin mai ya hau. Kwalin kayan gyara yakan zo da washa fiye da ɗaya domin an yi shi ne don samfuri daban-daban, yaro kuwa sai ya ɗauki wadda hannunsa ya fara kaiwa. Don haka a auna tsohuwar, a sa mai kaurinta.

Na huɗu ƙarfin famfon mai. Allurar kafireta ba ta iya tare matsi mai yawa. Abin da take so bai wuce awo 3 zuwa 4 a ma'aunin PSI ba. Famfon lantarki na motar injekta kuwa yakan ba da 40 ko fiye. Wanda ya ɗaura irin wannan a tsohuwar mota, ko allurar zinariya ya sa sai ta yi ambaliya, in ma Allah bai kiyaye ba a yi gobara. A Beetle akwai wani tarko kuma: sandar da ke tura famfo iri biyu ce, mai milimita 108 da mai 100, kowace da irin famfonta. In aka haɗa doguwar sanda da famfon gajera, matsi zai hau. A sa geji a auna, kada a yi ka-ce-na-ce.

JET DA LAMBARSA

In ƙoƙo ya fita daga zargi, sai a tambayi motar a wane lokaci take hayaƙin. In a silo ne kaɗai, a nemi hanyar silo. In sai an miƙa hanya, babban jet ne ko jet na iska. In sai an taka totur farat ɗaya take tusa baƙi, ɗan famfon feshi ne ke ba da fiye da kima. In kuwa bakin feshin yana ɗiga alhali ƙafa ba ta motsa ba, a duba ko ɗan ƙwallon ƙarfen da ke toshe hanyarsa ya faɗi wajen wanki, gama ƙanƙane ne ƙwarai, yakan ɓace a cikin kwanon fetur ba wanda ya lura.

Kowane jet da lamba a jikinsa. A Solex, lambar tana nuna faɗin ƙofar ne, 130 watau kimanin milimita 1.30. A 34 PICT-3 ta injin 1600 akan sami babban jet 127.5 ko 130, na silo kuwa 55. Kada a raina bambancin lamba. Daga 130 zuwa 140 ido ba zai gani ba, amma filin ƙofar ya ƙaru da wajen kashi 16 cikin 100. Wannan ne ya sa tsokaci jet da waya ko allurar ɗinki ya zama babban laifi, domin tagulla taushi gare ta, lamba tana nan 130 amma ƙofa ta zama wani abu dabam. Da iska ake busa jet. A kuma tabbata an ɗaure shi ya zauna, in ba haka ba mai zai sulale ta gefen zarensa. A kafireta mai maƙogwaro biyu, irin ta wasu 504, kowane ɓangare da nasa jet, kuma musanya su wajen mayarwa abu ne mai sauƙi. Shi kuma jet na iska, in ya toshe ko aka sa ƙarami, mai zai fita ba surki, mota ta yi ta sha a kan gudu.

Shawarar wannan fili ita ce, duk wanda zai ba da kafiretarsa gyara ya ce a ajiye masa tsofaffin kayan a leda, ya kuma rubuta lambar kowane jet da wurin da aka ciro shi. Jet na asali wanda ba a tsokace shi ba ya fi sabo na jabu. Da tsohuwar zuma ake magani.

SAI A ZO KAN SUKURU

Bayan duk waɗannan ne ake ɗaukar sukudireba. A bari inji ya yi zafi, cok ya buɗe. A murɗa sukurun mai ciki a hankali har ya taɓa, kada a matse, domin bakinsa tsini ne mai saurin lalacewa. A dawo da shi waje zagaye biyu da rabi, a ta da mota. Sai a riƙa shigar da shi kaɗan kaɗan har inji ya fara rawar ɗari, a komo da shi waje har muryar inji ta daidaita. A 34 PICT-3 sukuru biyu ne a gefe: babban shi ke saita gudun silo, wanda ake so ya tsaya tsakanin zagaye 800 da 900 a minti, ƙaramin shi ne na mai. Ba a saita silo da sukurun da ke hannun totur. Wanda ya buɗe faifan totur da shi, ya tona ƙananan ramukan da ba a so su fara aiki sai an taka, mai ya riƙa zuba ta nan.

Ga kuma gwaji guda da ya fi kowane gardama. In an shigar da sukurun mai har ƙarshe amma inji bai mutu ba, to mai yana shigowa ta wata ƙofa. A ajiye sukudireba a koma kan ƙoƙo.

Masu zama a kan tudu su san cewa iskarsu ba ta kai ta bakin teku kauri ba. Jos tana bisa tudu wajen mita 1,200, saboda haka motar da aka saita a Ikko in ta hau can za ta ɗan ƙara baƙi, ba don wani abu ya lalace ba. Haka nan wadda aka ƙuntata wa mai a Jos, in ta gangara kudu sai ta ji yunwa. Yunwar mai kuwa ta fi ƙoshi haɗari, musamman ga Beetle wadda iska ce ke sanyaya injinta, domin zafi zai hau har ya ƙone bawul. Kada garin neman gira a rasa ido.

In an gama, a zaro gejin baƙin mai a sansana. In da warin fetur, a juye shi a sa sabo ba tare da jinkiri ba, a kuma duba fatar famfon mai, gama in ta yage ita ma takan zubar da fetur cikin inji. Sa'an nan a cika tanki fal, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa a lissafa. Lissafin nan shi zai raba gardama tsakanin mai mota da bakanike.

Daga ƙarshe muna jan kunnen masu gyara da masu kallo: kada a yi wannan aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙin motar da mai ya yi wa yawa cike yake da iskar guba mara wari mai kisa cikin ɗan lokaci. A nisanci taba da ashana, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa mu sauka lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.